Ɗigon Rubutu a Tsakiyar Iska: Shekara Biyar Bayan Ramatu

Shekara biyar ke nan a wannan wata da muka kai ƙanwata Ramatu makwancinta, a maƙabartar da ke bayan unguwarmu a Magajin Gari. Mutanen jami'a Dakta Ramatu suka san ta, mu kuwa a gida ba ma kiranta da wannan sai in tsokana muke ji. Shekarun da suka wuce nakan bar ranar ta shige da addu'a kawai. Bana na ga gara in rubuta wani abu, domin kwanan nan labari ya dawo mini daga wani gidan suna, wai ana cewa ita ce likitar nan da ta hana ubanta rubutun sha. Ramatu ba likitar asibiti ba ce, kuma ba ta hana Malam komai ba. Duk wanda ya san mahaifinmu ya san ba a hana shi abu. Ga yadda aka yi, iyakar abin da idona ya gani.

Ni ne babba a gidanmu, ita ce ta huɗu. Ni na tsaya ina koyar da Hausa a sakandare nan cikin Birnin Gwari, ita kuwa karatu ya yi ta jan ta daga Zariya har ƙasar waje, sannan ta dawo Zariyar tana koyarwa. Sunan fanninta doguwar kalma ce, sifektiroskofi, wadda Innarmu ba ta taɓa yarda ta wahalar da bakinta a kai ba, sai dai ta ce "aikin nan na Ramatu." Da na matsa mata ta yi mini bayani da Hausa, sai ta ce karatun haske ne. In ka haska abu da haske mai launi ɗaya tak, in ji ta, ɗan abin da zai dawo maka daga hasken yakan zo da canji, kuma kowane sinadari da irin canjin da yake yi. Na'ura ta tattara hasken da ya dawo, ta baje shi, ta zana shi a kwamfuta tudu-tudu. Wanda ya iya karanta zanen zai ce maka akwai sukari a nan, akwai mai, akwai rini iri kaza, alhali kai ruwa kawai idonka ke gani.

Nata ɓangaren a ciki shi ne ɗigo. Ba ta cika zuba ruwa a kwalba ta haska ba, domin kwalbar ma tana da nata hasken da take mayarwa, kuma ruwan da ya jingina da bango ba ya zama yadda yake in yana shi kaɗai. Sai ta ɗauki ɗigo ɗaya, kamar ƙwayar gero, ta tsayar da shi a iska. Abin da ke riƙe shi sauti ne. Wasu ƙananan lasifikoki ne a jere a sama, wasu a ƙasa, suna fuskantar juna suna fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya kaiwa gare ta. Inda ƙarar sama da ta ƙasa suka haɗu akan sami gurbin da abu mara nauyi zai zauna daram. A nan ɗigon ke tsayawa yana bushewa a hankali, ruwan na tashi, abin da ya narke a ciki na ƙara kauri, ita kuma tana haskawa tana karantawa. Da haka take gane yadda ruwa biyu da aka gauraya suke zama da juna: wanne ke riga tashi, wanne ke taruwa a bayan ɗigon, yaushe suke rabuwa. Na taɓa tambayar ta amfanin wannan ga mutumin Birnin Gwari. Ta ce maganin da muke fesa wa masara ɗigo ne, tarin mara lafiya ɗigo ne, girgijen da muke jira duk shekara ma ɗigo ne. Sannan ta ce, "Kai dai Yaya, abin da ba a kasa shi ranar kasuwa ba ka ɗauke shi aiki ba." Ban musa ba.

Mahaifinmu, wanda gari duka ke kira Malam har mu 'ya'yansa, yana yin rubutun sha tun kafin a haife ni. Na san cikin masu karatu akwai waɗanda ba su yarda da rubutun sha ba, akwai kuma waɗanda da shi suka tashi, kuma ba wannan muhawarar ta kawo ni ba. A gidanmu dai abu ne na kullum. Mai ciki, yaro mai firgita, wanda zai yi tafiya, duk sukan zo. Malam ya rubuta ayoyi a allo, a wanke a ƙoƙo mai tsabta, a ba mutum ya sha. Tawadar kuwa a gida ake yin ta tun zamanin kakanmu. Gawayi mai kyau ake dakawa ya yi laushi, a tankaɗe, a dafa shi da ƙaro, danƙon nan da ke tsattsafowa a jikin itatuwan ƙaya. Wata mata 'yar Gbagyi mai suna Ladi, daga wani ƙauye can wajen Tabanni, ita ke kawo mana duka biyun daga daji, kamar yadda uwarta ta riƙa kawo wa kakanmu. Kirista ce, ta san abin da ake yi da kayan, shi ya sa gawayin Malam daban take ƙona shi, ba ta haɗa shi da na sayarwa.

Da daji ya rufe saboda 'yan bindiga, a shekarun da ko itacen girki ba mai shiga nema, su Ladi suka baro ƙauyensu suka dawo zaman cikin gari. Gawayi ana samu, ko da ba mai kyau ba, amma ƙaro ya yi wuya. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya fara kawo tawada haɗaɗɗiya a robobi, baƙa ƙirin, mai sheƙi, ba daka ba dafawa. Malamai suka yi rububinta. Malam ma ya karɓa, kuma dalilinsa ya fi na kowa ƙarfi, domin idanunsa sun fara yana. Tawadar gida ruwan ƙasa-ƙasa take fitowa a allo, sai ya kai allon har kusa da hancinsa kafin ya ga abin da ya rubuta. Da sabuwar kuwa yana ganin harafinsa sarai. Masu karɓa ma suka yi murna, don a wajen mutanenmu rubutun da ya fi baƙi shi ya fi ƙarfi. Ban san inda muka samo wannan ba, amma haka kowa ke cewa, har da masu takardun makaranta irina.

A shekarar ne Ramatu ta zo mana babbar Sallah. Matata Zulai tana da ciki ya fara tsufa, bayan ɓari biyu da ta yi a baya, saboda haka Malam ya sa mata rubutu kowace safiya. Inna ce ke kai mata ƙoƙon, ta tsaya a kanta har ta shanye. Suna zaune suna hira Ramatu ta lura leɓen Zulai da harshenta sun yi baƙi, kuma har aka yi azahar baƙin bai fita ba. Ta ɗauki ƙoƙon ta wanke da sabulu, cikinsa bai koma yadda yake ba. Ta leƙa zaure ta ga allunan Malam duk sun rine, an wanke su amma inuwar rubutun jiya tana nan. Zulai ta ce mata maƙogwaronta kan yi ƙaiƙayi in ta sha, ta ɗauka dai laulayi ne. Ramatu ta roƙi Malam ya tsiyaya mata kaɗan daga sabuwar tawadar, ta kuma kankaro busasshiyar tsohuwa daga kurtun kakanmu, ɗan gyandaman tawadar da ke rataye a zaure, ta koma Zariya da su.

Ba a daɗe ba sai ta kira ni. Ta ce tsohuwar tawadar gawayi ce da ƙaro, ba wani abu. Ta kasuwar kuwa akwai sinadarin da ake sa wa baƙin rinin gashi, irin wanda mata ke kira dayis suna zana ƙunshi da shi. "Ban ce yau zai kashe mutum ba, Yaya, don abin da ke cikin ƙoƙo ɗaya kaɗan ne. Amma ko a fata yana ƙona wasu, kuma in ya shiga ciki da yawa ƙoda yake taɓawa. Ba abin sha ba ne, balle ga mai ciki, balle kullum."

Na shiga ɗaki na ce wa Zulai daga yau ta daina sha. Ta dube ni ta ce, "To maigida, gobe in Inna ta kawo sai ka tsaya a ƙofa ka mayar da ita. Ni dai ba zan mayar wa surukina ƙoƙo a cike ba, kuma ba zan zubar da ayar Allah a makwarara ba." Ta fi ni gaskiya. Maganar ba a ɗakinmu za ta ƙare ba, a zaure za ta ƙare. Na kai wa Malam waya, Ramatu ta maimaita masa abin da ta gaya mini, ya saurara har ta gama.

"Tawada kika gwada, Ramatu," in ji shi. "Ni ba tawada nake ba mutane ba."

A ganinsa, abin da aka rubuta aya da shi aka wanke ya tashi daga kayan kasuwa, ya zama wani abu daban, kuma cuta ba ta biyo shi. Ramatu ta ce ita ba ta isa ta yi magana a kan aya ba, abin da aka rubuta ayar da shi take magana, amma in haka ne a ba ta rubutun kansa ta duba. Nan Malam ya ɗaure fuska. Ya taɓa kwanciya a asibiti, ya ga ɗakin gwaji. Ya ce, "A kai ayar Allah inda ake jera fitsari da jini a kwalabe, in an gama a tuntsurar a kwata? Ba da hannuna ba." Ya miƙo mini wayar.

Haka aka zauna. Kowace safiya Inna ta wuce da ƙoƙo, ni kuma in fita makaranta in bar Zulai da baƙin leɓe. Ban taɓa jin tsoro irin na waɗannan makonni ba, har da tsoron hanya da muke ciki a lokacin. Ga ciki na uku, ga mace da ta riga ta sha wuya sau biyu, ga uba wanda da zuciya ɗaya yake yi mata abin da ya fi iyawa.

Abin da na fi tunawa da Ramatu shi ne ba ta ɗauki maganar Malam a matsayin taurin kan tsoho ba. Ta ɗauke ta sharaɗi ne na gaske, ta zauna ta nemi yadda za ta cika shi. Da ta sake kira ba ta kawo hujja ko ɗaya a kan sinadari ba. Ta ce ɗigo ɗaya kawai take so. Ba za a zuba shi a kwalbar kowa ba, ba zai taɓa tebur ba, a iska zai tsaya har ya bushe. Abin da ya rage za ta mayar masa a hannunsa. Kuma ba aike za a yi ba, shi da kansa zai zo ya gani, tunda dama ta daɗe tana roƙon ya zo likita ya duba masa ido. Malam ya juyo ya tambaye ni ko yarinyar nan ta fara yi masa wasa ne, ruwa ya tsaya a iska. Na ce ni ma a waya kawai na taɓa gani. Ina jin son ganin wannan ɗin ya fi komai tayar da shi.

Hanya a lokacin sai da rakiyar jami'an tsaro, motoci a jere, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Malam ya rubuta allon da kansa da safen, da tawadar kasuwar, ya wanke ya ɗura a wata 'yar kwalba sabuwa, ya naɗe ta da farin ƙyalle ya sa a aljihun gaba. Na ce ya kawo in sa a jaka, ya ce jakata a ƙasa nake ajiye ta.

Washegari da hantsi muka shiga ɗakin aikinta. Ta kwashe komai daga teburin ta goge shi, ta yi alwala, ta ɓare sabon sirinji a gabansa. Na'urar ba ta da wani kwarjini, ba ta fi tukunyar miya girma ba, wayoyi duk a waje. Ta shimfiɗa wani farin yadi mai shara-shara a kan lasifikokin ƙasa, ta gaya wa Malam gaskiya cewa wani lokaci ɗigon yakan kuɓuce ya faɗo, to in ya faɗo a kan yadin zai sauka, kuma yadin nasa ne ya tafi da shi. Ta fara da ruwan sha zalla. Ta kawo bakin allura tsakiyar na'urar, ta ɗan matsa, ta janye hannunta, ɗigon ya tsaya. Saboda idon Malam ta haɗa kyamara, ɗigon ya fito a kwamfuta ƙato kamar lemo, yana ɗan rawa.

"Me ke riƙe da shi?"

"Sauti ne, Malam."

"Ni ba na jin komai."

"Ni ma ba na ji. Kunnenmu ne bai kai ba."

Ya zaro alƙalamin karansa daga aljihu ya zura ta saman ɗigon yana neman zare. Ɗigon ya yi girgiza ya faɗo kan yadin. Malam ya yi dariya ya ce ashe dai babu zare, ikon Allah ya wuce haka. Ta canza yadi, ta ba mu baƙin tabarau na kare ido, shi da rawaninsa da tabarau har yau in na tuna sai na murmusa. Sannan ya kwance kwalbar da kansa, ya yi bisimilla, ta zuƙi kaɗan.

Ɗigon rubutun ya tsaya a iska, baƙi-baƙi. Ta kunna wani siririn haske kore ya sauka a kansa. Zanen da ya fara fitowa a kwamfuta kusan a miƙe yake, ba tudu ba ƙaho. Malam ya tambaya me aka gani, ta ce tukuna ba a ga komai ba. Ya gyara zama ya ce, "To." Ni kuwa na san in muka tashi a haka gobe Inna za ta wuce da ƙoƙo, kuma ba mai sake ɗaga maganar. Ramatu ko a jikinta. Ta ce ruwa ne ya yi yawa, a bari ya sha iska. Muka zauna muna kallon ɗigon yana ƙanƙancewa. Can sai wasu 'yan ƙahoni suka fara ɗagowa daga layin, ɗaya, sannan wani a gefensa, suna ƙara tsawo yadda ɗigon ke ƙara raguwa.

Ta jera zane uku, ta kaurara layukan don ya gani. Na tawadar kakanmu tudu biyu ne masu faɗi, shi ke nan. Na tawadar kasuwa ƙahoni ne tsaye a wurare sanannu. Na rubutun da ya kawo a aljihunsa kuwa, ƙahonin nan ne dai, a wuraren nan dai. Ta nemi izini ta kama yatsansa ta bi da shi a kan gilashin, daga na biyu zuwa na uku, ƙaho bayan ƙaho. Ya tambaya, da da tawadar kakanmu aka rubuta, ƙahonin za su fito? Ta ce ba za su fito ba.

"Ayar fa? Na'urar taki ta gan ta?"

"A'a, Malam. Ba ta ganin wannan. Abin da aka dafa a tukunya kawai take gani."

Da ɗigon ya bushe ya zama ɗan baƙin ƙwaya da ƙyar ake ganinsa, ta kashe sautin ya sauka a kan yadin. Ta ninke ta miƙa masa da hannu biyu, tare da sirinjin da kwalbar. Ya haɗa su duka ya mayar aljihu. Da muka dawo gida ya haƙa rami a wuri mai tsabta a bayan zaure ya binne su.

Bai ce wa kowa an yi gaskiya ko an yi kuskure ba. Washegari dai Inna ba ta wuce da ƙoƙo ba. Bayan la'asar ya tsayar da mutane a masallacin unguwa ya gaya musu tawadar da yake amfani da ita akwai abin da bai kamata a sha ba a cikinta, duk mai sauran rubutu a gida ya dawo masa da shi. Ya aika wa malamai 'yan'uwansa da saƙo. Wasu suka ji, wasu suka ce boko ya shigo wa Malam ta ƙofar 'yarsa. Ramatu ta riƙa aiko da ƙaro daga kasuwar Zariya, Ladi ta samo gawayi mai kyau ta hannun danginta, aka koma daka da dafawa. Rubutun Malam ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, mutane da dama suka ce ya yi sanyi, suka koma inda ake ba su baƙi. Zauren da ke cika da safe ya ragu ƙwarai, kuma na san abin ya yi masa ciwo ko da bai faɗa ba. An yi masa aikin ido, ɗaya ya buɗe, ɗaya bai yi ba. Yawancin abin da yake rubutawa tun daga nan hannunsa ne ya san hanya, idon rakiya kawai yake yi.

Zulai ta sauka lafiya. Na so in riƙa cewa Ramatu ce ta ceci cikin, ita kuwa ta hana ni. Ta ce ba ta da hujjar cewa da an ci gaba da sha wani abu zai faru, abin da ta sani kawai shi ne an daina shan abin da bai kamata ba. Haka take, ba ta yarda a ƙara wa magana gishiri ko da ita za a yaba.

Bayan kamar shekara biyu ciwon daji ya kama ta a mama. An yi aiki, an yi magani, bai tsaya ba. Da ta ga inda abin ya nufa ta ce a kawo ta gida. Malam ya riƙa yi mata rubutu da kansa, shi ke wankewa, shi ke kai mata, bai bar wa Inna ba. Ran farko ta ɗaga ƙoƙon wajen taga ta duba launinsa, ta ce, "Wannan kam ba sai an kai shi Zariya ba." Ta shanye. Malam ya karɓi ƙoƙon ya fita da sauri. Ta rasu da damina, tana da shekara arba'in da 'yan kai. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ta huta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Hanya ta yi sauƙi fiye da da, ko da yake ba wanda ya daina addu'a in ya shiga mota. Kasuwa ta cika. Su Ladi sun koma ƙauyensu sun noma gonakinsu, ƙaro ya dawo, kuma wannan zai faranta mata rai. Amma tawadar roba tana nan a kasuwa, iri-iri ma yanzu, kuma har gobe mutane baƙi suke nema. Ban ce duka masu cutarwa ba ne, ban sani ba, kuma abin da ya dame ni ke nan: ba wanda ya sani. Ta yi niyyar ta bi kasuwannin yankin nan ta tattaro kowace iri ta duba, ciwo ya riga ta. Ɗalibaina sukan nuna mini bidiyon ɗigo tsaye a iska a wayoyinsu, suna mamaki, su wuce zuwa wani bidiyon. Ina jin da tana nan da ta tambaye su ɗigon mene ne, kuma me aka gano a cikinsa, don ita tsayawar ɗigon ba ta taɓa burge ta ba, hanya ce kawai ta samun abin dubawa. An ce mini na'urar tana nan ɗalibanta na aiki da ita, kuma ana ambaton rubuce-rubucenta a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Na gode Allah da wannan, sai dai ba zan yi ƙaryar na fahimci ko shafi ɗaya a ciki ba.

Abin da na iya aunawa shi ne wanda ya rage a gidanmu. Ba ta canza garin nan ba, ko unguwarmu ba ta canza duka ba. Mutum ɗaya ta canza wa tawada, kuma ta yi haka ba tare da ta taɓa abin da ya fi ƙarfinta ba. Ina kewarta ƙwarai, musamman in wata magana ta taso wadda kowa ke da ra'ayi a kai ba mai hujja.

Watan jiya wani saurayi mai fara'a ya shigo zaure da tawada sabuwar fitowa, a kwalba mai kyau da tambari. Ya ga yadda Malam ke kai allo kusa da fuska, ya ce wannan za ta hutar da shi, kuma mai tsabta ce, an gwada ta. Malam ya haura tamanin yanzu, idon da ya buɗe ma ya fara komawa. Ya karɓi kwalbar, ya tsoma alƙalami ya ja layi ɗaya a gefen allo. Na ga yadda ya tsaya yana kallon layin, don rabon da ya ga rubutunsa baƙi haka an daɗe. Ya tambayi saurayin wa ya gwada ta. Saurayin ya ce kamfani ne. Malam ya rufe kwalbar ya miƙa masa.

"Mai duba mini ta riga ni tafiya, ɗana. Abin da ba ta gani ba, ba na ba mutane su sha."

Da saurayin ya fita, ya ce in goge layin nan da kyau, in kuma gaya wa Zulai ta fito da turmi, gawayin da Ladi ta kawo ya bushe.